Bayani A Kan Sankarar Magudanan Maɗaci Cikin Hanta

Bayan haka, mai karatu ya sani, a cikin hantar ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan magudanai masu rassa kamar saiwar itace, su ne ke kwashe ruwan maɗaci su kai shi hanji domin narkar da maiƙo. Wani lokaci sankara takan tsiro a jikin magudanan nan. Ba ta da yawa, gama a cikin sankarar da ke farawa daga hanta, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kaɗai irinta. Amma fa muguwa ce, domin a ɓoye take girma.

Idan babbar hanyar maɗaci ta wajen hanta ta toshe, nan da nan ido ya yi rawaya, a ce shawara. Ita kuwa ta ciki takan daɗe ba ta toshe komai ba, sai dai nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rama, da kasala, da ƙin abinci. Kafin rawaya da ƙaiƙayi su bayyana, sau da yawa ta riga ta yi nisa.

Inda ta fi yawa a duniya shi ne arewa maso gabashin ƙasar Tailan, saboda wata tsutsa da ke shiga magudanan ta hanyar cin ɗanyen kifi. Dutse a cikin hanta, da ƙandarewarta, da ciwon hanta nau'in B da C, su ma suna jawo ta, kuma nau'in B ya yawaita a ƙasar Hausa.

Likita yakan fara da hoton ciki, sa'an nan ya sa a ɗauki wani hoton a babbar na'ura, wanda ke nuna girman ƙarin da inda ya kai. Awon jini yana taimako, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Tabbaci yana samuwa idan an sa allura an ciro ɗan tsoka an duba a madubin likita.

Fiɗa ita ce hanyar warkewa, watau a yanke ɓangaren da ya kamu, gama hanta takan sake tofowa. Sai dai waɗanda ake samu da wuri har fiɗa ta yiwu ba su wuce ɗaya cikin uku ba. Bayan fiɗa akan ba da ƙwayoyi na wata 6, don cutar takan dawo.

Wanda fiɗa ta wuce shi, ba a sallame shi haka nan. A 2010 likitocin Ingila suka nuna cewa haɗa magunguna biyu, gemcitabine da cisplatin, ya kai matsakaicin kwanan majinyata kusan wata 12, maimakon 8 da magani ɗaya. A 2020 Amurka ta yarda da pemigatinib ga masu wani sauyi a ƙwayar halittar ƙarin, a 2022 kuma durvalumab, mai zuga garkuwar jiki ta yaƙi cutar.

Saboda haka wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ko shawara ta kama shi, kada ya ɓata watanni yana shan jiƙo da saiwoyi, ko da kasuwa ko makaranta ta riƙe shi. Ya je asibiti a yi masa hoton ciki da awon jini. Mai ciwon hanta nau'in B kuma ya riƙa zuwa awo kamar yadda likita ya tsara masa, ko da yana jin garau.

Tamat.