Idan Injin Buga Takarda Ya Ƙi Aiki

Ana jawo hankalin hakimai da malaman ofisoshinsu ga wannan bayani. Sau da yawa talaka yakan yi tafiyar yini domin karɓar takardar gona, ya tarar an ce inji ya lalace, alhali kuwa injin ya rubuta abin da ke damunsa, ba a kula ba ne.

Idan ya nuna "Paper Jam", watau takarda ta maƙale. A kashe shi, a dakata ya huce, gama wurin da ke gasa tawada yakan yi zafi kusan digiri 200. Sa'an nan a jawo takardar a hankali da hannu biyu, kada a bar ko ƙyalle. Laimar damina takan manne takardu, saboda haka a ajiye su inda yake busasshe.

"Offline" na nufin inji ba ya jin kwamfuta. A duba waya tukuna. Kada malami ya yi ta maimaita umarni, domin in ya farfaɗo duk zai buga su, a yi asarar takarda.

"Toner Low", garin tawada ya kusa ƙarewa. A ciro kwanson, a girgiza shi a hankali, zai ƙara ɗan aiki kafin sabo ya iso.

In ya ce "Load Letter", awon takardar Amurka yake nema. A mayar da shi kan A4, wadda muke aiki da ita.

Abin da ya wuce waɗannan, a kira makaniki. Kada a sa wuƙa ko allura a ciki.