Barmo, sunan da ke neman ɓacewa daga takardu

A Ɗan Issa, garin kan iyaka da ke bisa hanyar Maraɗi zuwa Katsina, in aka kira Barmo a kasuwa galibi dattijo ne zai waiwayo. Da wuya a ji sunan a bakin malamin lakwal in yana kiran yara da safe.

Barmo ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne, kuma roƙo ne. Matar da take haihuwa ƴaƴan suna rasuwa, wadda Bahaushe ke ce wa mai wabi, in ta sake samun ɗa sai a sa masa sunan da ke cewa a bar mana wannan. Daga tushe guda Barau da Barmani suka fito. Wasu iyayen kuwa dabara suke yi, su nuna kamar ba su damu da jinjirin ba, su kira shi Ajuji ko Ayashe, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Wabi bai san gidan sarki ba: cikin jerin sarakunan Katsinan Maraɗi, bayan Ɗan Baskore wanda ya yi mulki daga 1852 zuwa 1875, akwai mai suna Barmo.

Dalili na farko na ƙarancin sunan abin farin ciki ne. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, wajen 226 ne ba su kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Inda wabi ya ragu, roƙon ma sai ya ragu. Ga kuma malamai da suka fi son a tsaya ga sunan yanka.

Na biyun yana ofishin rajistar haihuwa. A ƙasar Folan ta Turai, sunan gida gado ne, ɗa ya karɓa daga uba har tattaɓa kunne, shi ya sa hukumarsu ke iya ƙidaya masu kowane suna. Nowak, wanda ya fi yawa, ma'anarsa sabon zuwa, kamar Baƙo a wajenmu, mutum wajen 200,000 ke amsa shi, kuma ko sunan da bai wuce gida biyu ba yana cikin lissafi. A nan kuwa, bisa al'ada, sunan uba ake ɗora wa yaro. Ɗan Barmo zai zama Isa Barmo, jikansa ya zama Sani Isa, shi ke nan kakan ya fita daga takarda.

Ko wanda ya rage ma bai tsira daga alƙalami ba. Sakataren da ya yi karatun Faransanci zai rubuta Barmou, akawun Jibiya ya rubuta Barmo ko Barmu. Ƴan'uwa uba ɗaya, ɗaya a nan ɗaya a ƙetare, sai ranar rabon gado ko neman fasfo su tarar takardunsu sun ba su uba biyu.