A Ƙofar Likita: Haƙƙin Maras Lafiya da Haƙƙin Mai Ba Shi Magani



Duk wanda ya taɓa kwana a harabar likita cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kayar da yara gida-gida, ya san abin da za mu faɗa. Uwa ta iso da goyo, jikinsa kamar garwashi. Majo ya duba yaron, ya rubuta ordonansi, ya ce a je farmasi a sayo, domin maganin ya ƙare a ma'aji. Uban yaro ya ce ai da kunnensa ya ji a rediyo cewa maganin yara kyauta ne, saboda haka cutarsa ake son yi. Murya ta tashi, zagi ya biyo baya, wani lokaci har a ɗaga hannu. Shi kuwa yaron da aka zo dominsa yana nan kwance bisa tabarma, babu mai kallonsa.

Uban nan yana da gaskiyarsa, majo ma yana da tasa. Kowannensu akwai dokar da ta tsaya masa, sai dai sau da yawa babu wanda ya san inda haƙƙinsa ya fara da inda ya tsaya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa wa magidanta abin da doka ta tanada wa ɓangarorin biyu, tun ranar buƙata ba ta zo ba.

Maganar ta daɗe

Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani, alhali ba a san shi da ilimin haka ba, shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi. A kan wannan ne malaman fiƙihu suka gina hukuncinsu. Idan mai magani masani ne, an ba shi izini, kuma ya bi ƙa'idar aikinsa, to ba a kama shi da laifi ko da maras lafiya ya cika. Idan hannunsa ya yi kuskure, magana ta koma ta diyya. Idan kuwa jahili ne ya yi shigar masana, sai ya biya, kuma hukuma ta ladabtar da shi.

A shekarar 931, bayan wani mutum ya mutu ta dalilin kuskuren mai magani a Bagadaza, Halifa Muƙtadir ya umarci babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba masu magani na birnin, kada wanda ya ƙara taɓa maras lafiya sai da takardar izini. Ashe tun wancan zamani hukunci ɗaya ne ke kare maras lafiya daga jahili, yake kuma kare masani daga zargin banza.

Me ke kyauta, kuma don me ake rasa shi?

Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, ƙasashenmu suka rungumi tsarin da maras lafiya ke biyan wani abu, a sake sayen magani da kuɗin. Nijar ta kafa dokar haka a 1995. Da aka ga talakawa na ƙaurace wa likita, sai gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, a 2006 kuma ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A watan Agustan 2024 hukumomi suka rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a likitocin gwamnati, suka mayar da haihuwa kyauta, suka kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara yi musu.

To ina gizo ke saƙa? A tsarin 2006, likita ce ke fara ba yaro magani daga ma'ajinta, ta rubuta lissafi ta aika, ta jira baitulmali ya maido mata kuɗin. An yi shekaru kuɗin nan na makara, bashi ya taru har biliyoyin sefa, ma'aji ya bushe. Saboda haka haƙƙin yaro gaskiya ne, amma sau da yawa wanda ya tauye shi ba ya cikin ɗakin da ake rigimar. Abin da ya kamaci magidanci shi ne ya tambaya cikin ladabi wane abu ne kyauta, wane ne na biya, kuma kada ya ba da ko dala ba tare da an ba shi takardar shaidar biya ba. Ma'aikaci mai gaskiya ba ya ƙin wannan takarda, domin shi ma ita ce shaidarsa.

Izini kafin a taɓa jiki

Jikin mutum amana ne a hannunsa. Ƙa'idar aikin likita ta wajabta a bayyana wa maras lafiya ciwonsa, da abin da za a yi masa, da haɗarin da ke ciki, a harshen da yake ji, sannan ya yarda ko ya ƙi. Idan yaro ne, izinin na iyayensa ne. Wanda aka miƙa wa takarda da Faransanci ya sa hannu, yana da damar cewa a fassara masa tukuna.

Maƙwabtanmu na Kano sun ɗanɗana ɗacin wannan magana. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi shekaru ana shari'a a Nijeriya da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, iyalai na farko kuma ba su karɓi diyya ba sai a 2011. Da an yi bayani a fili an rubuta izini tun farko, da ba a kwashe shekara 13 ana jayayya a kan wa ya ce me ba.

Akwai wani gefen izini da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Sau nawa mace ke kan gwiwa, ungozoma ta ce sai an yi tiyata, amma dangi su ce a jira maigida, shi kuwa yana fatauci a wata ƙasa? Jinkirin sa'a guda na iya cin rai biyu. Muna kira ga magidanta su yanke wannan magana da iyalinsu tun ciki na ƙarami, su sanar da iyaye da surukai cewa idan lokotoro ya ce a yi, to a yi.

Sirrin maras lafiya

Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, ya tanadi ɗauri da tara ga likita, ungozoma ko mai sayar da magani da ya tona sirrin da aka ba shi amana ta hanyar aikinsa. Dokar yaƙi da cutar sida ta 2007, wadda aka sabunta a 2015, ta ƙara jaddada sirrin sakamakon gwaji, ta kuma hana nuna wa mai ɗauke da cutar wariya.

Nan ma mu duba kanmu. Mu ne ke tsare ma'aikaciya a gidan biki ko a bakin kasuwa, mu ce don Allah me ke damun matar wane. Idan ta yi shiru mu ce girman kai gare ta. Wannan shirun da ta yi wa maƙwabciya shi ne za ta yi mana ranar da muka zo da namu ciwon da ba mu son duniya ta ji.

Idan rai na cikin haɗari

Dokokin ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa, har da Nijar, sun ɗauki ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari a matsayin laifi, kuma hukuncin ya hau kan kowa, ma'aikacin lafiya ne ko mai wucewa a hanya. Ga masu tsallaka iyaka neman magani a Katsina, Kano ko Sakkwato, yana da kyau su san cewa dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana kowace asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma zai iya fuskantar tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6.

Shi ma ma'aikaci doka na kare shi

Wannan doka ta 2014 ba ta tsaya kan maras lafiya kaɗai ba. Ta ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu, in ban da mai taɓin hankali. A Nijar kuwa, cin mutuncin ma'aikacin gwamnati ko dukansa yana bakin aiki laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali, kuma ɓacin ran mutuwa ba ya wanke wanda ya aikata.

Mu tuna halin da suke aiki a ciki. A ƙasarmu likita ɗaya na ɗauke da mutane fiye da 10,000 nesa ba kusa ba, kuma a ƙauyuka da yawa ma'aikaci guda ne ke awo, shi ke allura, shi ke karɓar haihuwa da tsakar dare. Wasu ma da ransu suka biya. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna 9 a Kano. A 2018 an sace ungozoma biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj a garin Rann na jihar Borno, daga baya aka kashe su. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 sun haramta taɓa ma'aikatan lafiya ko a fagen yaƙi, kuma a Mayun 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada haka a ƙuduri mai lamba 2286. Duk garin da aka wulaƙanta majo ya nemi canjin wuri, mata da yaran garin ne ke biyan bashin, domin kafin a turo wani sai an daɗe.

Ina za a kai kuka?

Haƙuri ba ya nufin a binne zalunci. Akwai ma'aikata masu sakaci, akwai masu karɓar na goro, akwai masu baƙar magana ga mai naƙuda. Wanda aka cuta ya fara da shugaban likitar, ko kwamitin gudanarwa da jama'ar gari ke da wakilai a cikinsa. Idan ba a share masa hawaye ba, ya je wurin babban likitan gunduma, sannan ofishin lafiya na jiha. Majalisar likitoci ta ƙasa na da ikon ladabtar da mambobinta, har ta dakatar da su daga aiki. Idan kuwa an yi asarar rai ko gaɓa, ƙofar mai gabatar da ƙara a buɗe take. A kowane mataki, abin da ke magana shi ne takarda: katin awo, ordonansi, shaidar biya, da ranar da abin ya faru. Iyaye mata su adana waɗannan kamar yadda suke adana takardar haihuwa.

Muna roƙon malamanmu su sa wannan magana cikin karatun magidanta da na mata, wakilanmu a kwamitocin likita kuma su nemi a liƙa jerin farashi da na abubuwan kyauta a bango, da Hausa da Faransanci, inda kowa zai gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kula da su da alheri.