Zaɓen Ma'aunin Zafi Domin Girki da Gashin Nama

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire ya san yadda ake gane nama ya gasu: a dubi launinsa, a latsa shi da wuƙa, in ba a ga jini ba a ce ya yi. Sai dai ido yana yaudara. Binciken Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane curi huɗu na niƙaƙƙen nama yakan canza launi tun zafin cikinsa bai kai na kashe ƙwayoyin cuta ba. A can ƙasar a 1993, fiye da mutum 700 suka kwanta ciwo, yara huɗu suka rasu, bayan cin irin wannan nama mai ɗauke da ƙwayar E. coli.

Dalili kuwa shi ne, zafi yana ratsa nama ne daga waje zuwa ciki, sannu a hankali. Garwashi kan ƙone fatar kaza alhali tsakiyar cinyarta na nan da ƙwayar Salmonella da ranta. Saboda haka zafin tsakiya ake aunawa. Kaza tana bukatar digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Tsokar saniya ko ta rago, digiri 63 ya isa, muddin an bar ta ta huta minti 3. Wannan zafi yana kashe ƙwayayen tsila ma. Niƙaƙƙen nama kuwa sai 71, domin niƙa yana tura ƙwayoyin da ke bayan tsoka zuwa cikinta.

To, wane ma'auni za a saya? Da farko a ajiye na asibiti gefe. Iyakarsa digiri 42, kuma mai gilashi in ya fashe sai ya zubar da zaiba cikin abinci, ita kuwa guba ce. Haka nan mai kama da bindiga, irin wanda aka riƙa saita wa goshi a 2020, zafin waje kawai yake gani.

Saura iri biyu. Akwai mai allura kamar agogo, wanda ke da ƙarfe iri biyu a manne da ke lanƙwashewa in sun ji zafi. Yana da araha, ba ya bukatar batir, amma sai an soka shi kimanin santimita 5 kafin ya faɗi gaskiya. Ya dace da cinyar rago, ba shi da amfani ga yankan tsire. Na biyu shi ne mai nuna lamba, wanda ke jin zafi a bakin tsininsa, ya ba da amsa cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ganina shi ya fi, ko da kuɗinsa ya ɗara. A soka shi inda naman ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi, a kuma wanke shi bayan kowace sukar.

Kafin a amince da sabon ma'auni, a gwada shi. Malamai na iya yin wannan a aji. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan: ya kamata ya nuna sifiri. Gwaji da tafasasshen ruwa yana da tarko, domin digiri 100 na bakin teku ne. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba ma'aunin ne ya lalace ba.