Kafin Ka Sauya Giyar Kekenka, Tambayi Awonta

A zamanin da masana'antun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya soma aiki a 1975, keke shi ne dokin ma'aikaci. Raleigh ce ta Ingila, daga baya Phoenix ta Sin da Hero ta Indiya suka shigo: kaca ɗaya, firiwil ɗaya, in abu ya lalace mai gyaran keke ya sauya shi kafin shayinka ya huce. Keken da matasan Barnawa da Narayi da Sabon Tasha ke fita da shi motsa jiki a hanyar Kachia yau wani iri ne daban. Keken tsere ne, mai siririyar taya da giya takwas ko goma ko fiye, kuma yawancinsa gwanjo ne daga Turai. Da giyarsa ta fara gardama sai ka ji ana shawara: a cire kayan wannan kamfani a sa na wancan. A ganina, duk wanda ya fara da tambayar wane kamfani ya fi, ya riga ya kama hanyar asarar kuɗinsa. Abin da ya kamata ya fara sani shi ne waɗanne kaya ne dole su tafi tare, da kuma wanne zai samu a garin nan ranar da nasa ya karye.

Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan kasuwa. Shimano ta Japan, wadda aka kafa a birnin Sakai a 1921, da firiwil ta fara. Campagnolo ta Italiya ta zo a 1933, SRAM kuma a Chicago ta Amurka aka kafa ta a 1987. A da, hannun giya ba ya da ƙa'ida: ka ja shi sannu a hankali, kunnenka na saurare, har kaca ta zauna daram a kan faifan haƙoran da kake so. A 1984 Shimano ta fito da tsarin da kowane dannawa, ƙas, ke jan waya daidai wani awo. Ya sauƙaƙa wa mahayi, amma tun daga ranar hannun giya da giyar baya, wato ƙarfen da ke tura kaca daga wannan faifai zuwa wancan, suka zama miji da mata, kuma kowane kamfani ya yanka wa nasa auren sadaki daban.

Lissafin ba ya da wuya. A keke mai giya goma, tazarar da ke tsakanin faifai da faifai a kayan Shimano da SRAM kusan milimita 4 ce. Tsohon hannun Shimano yana jan waya kamar milimita 2.3 a kowane dannawa, giyar bayansa ta ninka wannan kusan sau 1.7. Hannun SRAM yana jan kamar milimita 3.1, giyarsa ta ninka sau 1.3. Kowanne a gidansa yana sauka daidai. Amma ka haɗa hannun SRAM da giyar bayan Shimano, dannawa ɗaya za ta tura kaca fiye da milimita 5. Mai gyara zai ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya murɗa ɗan notin waya gaba ya murɗa baya. Kaca ta zauna a faifai na uku, ta tsallake na huɗu, ta hau ƙara a na shida. Ba ƙwarewa ce ta gaza masa ba, awo ne bai zo ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane.

Sauran kayan sun fi sauƙin kai. Tsawon gaɓar kaca rabin inci ne a kowane kamfani, kaurinta ne ke raguwa yayin da giya ke ƙaruwa, don haka yawan giya za ka duba kafin suna. Faifan haƙoran Shimano da na SRAM, daga giya takwas zuwa goma, suna hawa cibiyar taya iri ɗaya, na Campagnolo kuwa sai tasa cibiyar. Feda da sirdi da birkin waya galibi ba su da ƙabilanci. Inda ba a wasa shi ne birki mai aiki da mai: Shimano man ma'adinai take amfani da shi, birkin keken tseren SRAM kuma man DOT, irin na mota. Zuba na wannan a wancan yana lalata robobin ciki, birki ya saki mutum a gangara.

Za a ce ai masu gyaranmu ba abin da ke gagararsu, da guduma da walda komai na shiga. Gaskiya ne hikimarsu ce ta raya kekunan da Turawa suka yar. To amma akwai wurin da ƙarfi ba ya aiki, musamman ramin da feda ke juyawa a gindin keke. Na Ingila, wanda ya fi yawa, faɗinsa milimita 68 ne, na Italiya 70 ne da zare daban. Tsofaffin kekunan Peugeot na Faransa nasu zaren daban ne, tsohuwar Raleigh ma zare 26 take da shi a inci, inda na Ingila na yau da kullum da na Italiya ke da 24. Kayan da zarensa bai dace ba zai fara shiga kamar gaske, ya cije a zagaye na uku. In aka sa ƙarfi zaren ya cinye, jikin keken, wanda ya fi komai tsada, ya tashi aiki. Gwanin gaske shi ne wanda ke murɗawa da yatsu tukuna, ya tsaya da ya ji tauri.

Wasu kuma za su ce a huta da ciwon kai, a sayi cikakken saiti na kamfani ɗaya. Ga mai hali wannan shawara ce mai kyau, amma suna ɗaya ma ba ya tabbatar da dacewa. Tiagra 4700 ta Shimano giya goma ce, duk da haka hannunta ba ya tafiya da tsohuwar giyar baya ta Shimano mai giya goma, domin an sauya awon jan wayar. Sannan saiti sabo kan iya fin kuɗin keken gwanjon da za a ɗaura masa. Masu son SRAM don rashin nauyi, ko Campagnolo don asali, suna da hujjarsu a filin gasa. A nan kuwa ƙurar hunturu da taɓon damina suna cin kaca da haƙora ba tare da duba tambari ba, kuma abin da ke cinyewa shi za ka riƙa saye. Tunda Shimano ta fi kowa yawa a kekunan duniya, ita ce aka fi tsinta a tarin gwanjo, kuma kaya masu giya takwas ko tara sun fi kauri, sun fi arha, sun fi yafe wa datti.

Saboda haka mai son sauyi ya ƙirga faifansa, ya karanta lambar da aka buga a bayan giyarsa, ya tafi kasuwa da tsohon abin a hannu. In zai bar wani kamfani, ya sauya hannu da giyar baya tare. In aljihu bai kai ba, ya nemi tsohon hannun giya marar dannawa, wanda kusan kowace giya ke yi wa biyayya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aikacin Kakuri na jiya ya auna kekensa da abu ɗaya, ko zai kai shi bakin ƙofar masaƙa kafin a busa jiniya. Wanda ya fita hanyar Kachia da asuba ma, abin da yake bukata keke ne da zai dawo da shi gida a kan sirdi, wanda kuma mai gyaran unguwarsu zai iya tayarwa gobe.