Abin da ya kamata ku sani: yaushe jariri zai fara cin abinci?

A gidaje da yawa, da zarar jariri ya kai wata uku yana yawan kuka, sai a ce nonon uwa ba ya isar sa, a dama masa koko. Wasu ma tun yana kwana arba'in ake ɗura masa ruwa, wai kada ƙishirwa ta kama shi, musamman da bazara. Niyyar mai kyau ce, amma cikin yaron bai shirya ba.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, don haka ko a zafin Sakkwato ya wadatar da shi. Ruwan randa da cokalin da ba a wanke da kyau ba su ne hanyar da gudawa ke shiga, gudawa kuwa tana ramar da yaro cikin 'yan kwanaki. Ga shi kuma idan cikinsa ya cika da koko sai ya rage tsotso, nonon uwar ya ja baya, sai abin da ake tsoro tun farko ya tabbata. Bincike a ƙasashe daban-daban ya kuma danganta fara abinci kafin wata huɗu da yawan ƙiba idan yaro ya tasa.

Jinkiri ma da nasa haɗarin. Jariri na zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, kuma wajen wata shida ajiyar ta kusa ƙarewa. Idan aka bar shi da nono kaɗai har wata tara, ƙarancin jini da tsumburewa na iya biyo baya. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma. Tsayin da yaro ya rasa kafin ya cika shekara biyu da wuya ya dawo.

Alamun cewa jariri ya shirya fara cin abinci a fili suke: wuyansa ya tsaya, yana zama idan an tokare shi, yana bin loma da ido, kuma ya daina turo abinci waje da harshe.

A ganina, babbar matsalarmu tana cikin kofin kunun da muke ba yaro. Ki ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, ciki kawai zai cika. Ya kamata ya yi kauri ya maƙale a cokali, a haɗa shi da gyaɗa da aka niƙa, ko waken soya, ko garin busasshen kifi da aka tankaɗe. Hanta, wake da aka dafa aka murje, zogale, kabewa da ɗan manja duk suna da amfani. Ƙwai ma haka, dafaffe sosai. Zancen cewa yana koya wa yaro sata ba shi da tushe. Daga wata shida zuwa takwas a ba shi sau biyu zuwa uku a rana, daga wata tara sau uku zuwa huɗu, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Batun gyaɗa ya canja. A da likitocin Ingila da Amurka na cewa a jinkirta ta. Sai wani gwaji da aka yi a Landan kan jarirai 640, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa waɗanda suka fara cin ta da wuri sun fi tsira daga rashin jituwa da ita, da kusan kashi 80 cikin ɗari. Sai dai a niƙe za a ba shi, ƙwayar gyaɗa tana shaƙe yaro. Wanda ke fama da ƙaiƙayin fata mai tsanani, a fara tuntuɓar likita.

Zuma kuwa, duk da darajarta a wurinmu, kada a ba jariri sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki. Gishiri da sukari ma ba ya buƙatarsu. Iyaye maza, ku sa ƙwai da kifin yaro cikin kuɗin cefane.