Wayar Hannu da Masu Noman Lambu a Kakuri

Duk wanda ya bi bakin Kogin Kaduna ta wajen Kakuri da Makera da Nasarawa a lokacin rani, zai ga lambuna kore shar. Ga alayyafo da latas da kabeji, ga tumatir da attaruhu da kuɓewa. Zai kuma ga cewa da wuya a sami mai lambu wanda ba shi da waya a aljihu. Da ita yake kiran dillali, da ita yake kiran mai gyaran injin ban-ruwa. Amma ba kowa ne ya taɓa neman shawarar noma ta cikinta ba, alhali kuwa shawarar tana nan. To, me ya kawo haka?

Da farko bari mu faɗi abin da ake nufi da shawarar noma ta waya. Iri-iri ce. Akwai rubutaccen saƙo da ke shigowa cikin waya. Akwai lambar da mutum zai buga ya saurari bayani da kunnensa. Akwai zauren WhatsApp inda manoma da malamin gona ke aika wa juna murya da hoto. Akwai kuma manhaja, watau wani ɗan tsari da ake sawa cikin babbar waya, mutum ya ɗauki hoton ganye mai ciwo, ta gaya masa abin da take zato.

Dalilin fito da waɗannan abubuwa a fili yake. Malaman gona sun yi kaɗan. Malami ɗaya ne ke da manoma dubbai, babu yadda zai yi ya taka kowace gona. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kafin wani lokaci ta kai ko'ina. Sai masana suka ce, tun da malami ba zai iya zuwa ba, bari muryarsa ta je.

Abin da ya faru a 2012

A shekarar 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, Gwamnatin Tarayya ta fara rabon taki ta waya. Manomi zai yi rajista da lambarsa. In saƙo ya shigo, sai ya tafi wurin rabo ya karɓi buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi. Manoma da yawa a lokacin ne suka fara kula da saƙon waya. Wanda bai iya karatu ba ya riƙa kai wayar wurin ɗansa ko maƙwabci a duba masa.

Abin lura a nan shi ne, mutane sun kula da saƙon ne domin akwai taki a bayansa. Manomi ba ya ƙin sabon abu. Abin da yake tambaya kawai shi ne, me zan samu? Amma an ga matsaloli tun a lokacin. Wani saƙon ya zo bai san ya zo ba. Wani ya canja layi. Wani kuma garinsu babu sabis.

Karatu da harshe

Wannan shi ne babban abu, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Yawancin rubutattun saƙonni da manhajoji da Turanci suke zuwa. Ko an juya su zuwa Hausa, sai wanda ya iya boko zai karanta. Ga kuma ma'auni. Saƙo zai ce a zuba kaza a kan kowace hekta, alhali mai lambu ba da hekta yake lissafi ba. Shi komi-komi ya sani, da murfin kwalba, da cikin injin feshi na goyo. In ba a juya masa maganar zuwa abin da ke hannunsa ba, zai ajiye ta, ko ya yi kirdado ya zuba fiye da ƙima.

Kakuri kuwa gari ne na taron dangi. Masaƙu ne suka tara mutane a nan. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, ma'aikata suka zo daga Binuwai da Kogi da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Hausa. Masaƙar ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe a 2007. Wasu daga cikin waɗanda suka rasa aiki sun koma neman abinci a gona. Saboda haka a bakin kogi ɗaya za ka sami wanda ke karanta Turanci sarai, da wanda sai Hausa, da wanda ya fi jin broka. Saƙo ɗaya ba zai ishe su duka ba.

Shi ya sa murya ta fi karɓuwa. A 2016 kamfanin Airtel ya buɗe wata lamba, 3-2-1, wadda a lokacin mutum ke bugawa ya zaɓi harshe, har da Hausa da broka, ya saurari bayani a kan noma da lafiya. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ma ta kafa wurin amsa kiran manoma. Amma kada ɗalibin yaƙi da jahilci ya ce tun da akwai murya, karatu ya zama na banza. Muryar za ta faɗi sunan magani. Kai ne za ka je shago ka duba kwalba ka tabbatar shi aka ba ka. Kai ne za ka duba ranar da maganin zai lalace. A jikin kwalbar ne kuma aka rubuta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinki kaya a kai kasuwa. Mai latas da alayyafo, wanda ake cin ganyensa kai tsaye, ya fi kowa bukatar sanin wannan lamba.

Irin wayar da kuɗin da take ci

Ƙaramar waya mai madannai tana kira, tana karɓar saƙo, cajinta na kwana da kwanaki. Amma ba ta aika hoto mai kyau, ba ta ɗaukar manhaja. Babbar waya ta shafawa tana yin duk wannan, sai dai tsada, ga sayen data, ga caji kullum. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kafin nan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban-ruwa ya tashi. Mutumin da ke lissafin litar man da injinsa zai sha gobe, data ce abu na farko da zai bari.

Mata sun fi shan wahala a nan. Mace tana iya zama ita ce mai shanya tumatir da barkono, ita ce mai sayar da ganye, amma babbar wayar gidan tana hannun maigida ko ɗa. Shawarar sai ta bi ta hannu biyu kafin ta iso gare ta, in ma ta iso.

Wani abin mamaki, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa masu lambu da yawa aiki da waya a dole. Mai saye ya zo babu tsaba, kaya kuwa ba sa jira. Sai aka koyi karɓar kuɗi ta waya da duba saƙon banki. Hannun da ya saba da wannan ya rage tsoron waya.

Shawarar ta dace da lambu kuwa?

Ba kullum ba. Yawancin manhajojin da cibiyoyin bincike suka fara fitarwa na manyan amfanin gona ne. RiceAdvice ta shinkafa ce. AKILIMO ta rogo ce. Nutrient Expert, wadda aka gwada a Kaduna da Kano da Katsina, ta takin masara ce. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara yana da amfani, amma mai noman rani ba ruwan sama yake jira ba. Shi so yake ya san yaushe sanyi zai ɗauke zafi ya shigo, yaushe ruwan fari zai sauka a kan tumatir, yaushe kogi zai cika ya hau fadama. Sai daga baya aka sami shiri irin HortiNigeria, wanda ƙasar Holan ta ɗauki nauyinsa daga 2021, ya fuskanci kayan lambu kai tsaye a Kaduna da Kano da Ogun da Oyo.

Shi kuwa lambu ba ya jira. Ku tuna da 2016, shekarar da tsutsar tumatir, wadda manoma ke kira Sharon, masana kuma ke kira Tuta absoluta, ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a watan Mayu. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu. Uwar wata 'yar ƙaramar ƙwaruwa ce mai tashi da dare. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci ciki, ganyen ya yi fari-fari kamar an ƙona shi, sa'an nan ta huda 'ya'yan. Cikin zafi, wata ɗaya ya ishe ta ta girma ta sake yin ƙwai. In aka yi ta fesa mata magani iri ɗaya, sai ta saba da shi. Mai irin wannan ciwo a gona, in ya aika tambaya aka yi mako ba a amsa ba, ba zai sake aikawa ba. Zai tafi wurin mai shagon magani, wanda ke amsawa nan take. Shi kuwa mai shago, kowa ya sani, kayansa yake son sayarwa.

Akwai kuma abin da waya ba ta gani. Rafin Makera yana kwaso dattin masana'antu da na gidaje kafin ya faɗa kogi. Manhaja za ta duba hoton ganye, amma ba ta san da wane ruwa aka shayar da shi ba. Haka nan mai noma a filin aro ko na haya, wanda bai san ko baɗi za a yi gini a wurin ba, ba zai saurari shawarar gyaran ƙasa ta shekara uku ba.

Yarda

'Yan damfara sun ɓata wa baƙuwar lamba suna. An kira mutane da sunan tallafin noma, an karɓi lambar BVN da lambar sirri, an kwashe musu kuɗi. Don haka manomi na da gaskiya in ya yi ɗari-ɗari. Mai ba da shawarar noma ba shi da abin yi da lambar sirrinka. Duk wanda ya nema, kashe wayar.

Inda abin ya fi tafiya daidai shi ne inda aka fara sanin juna ido da ido. Malamin gona ya zo ya yi gonar gwaji, an ga irin ya fito, an ga kwandon da aka cika. Gani ya kori ji. Bayan nan in ya aiko da murya a zauren ƙungiya, za a saurara, don an san fuskarsa, an san kuma inda za a same shi in abu ya ɓaci. Shi ya sa manomin da ke cikin ƙungiya ya fi wanda ke shi kaɗai amfana. Ko babbar waya ɗaya ce a ƙungiyar, ta isa, muddin mai riƙe da ita zai kunna saƙon kowa ya ji. Ta nan ne kuma ake jin farashin kwando a Bakin Dogo da kasuwar Monday ta Kakuri, har da Mil 12 ta Legas, kafin dillali ya yi nasa tayin.

In za a aika tambaya

Amsa tana kyau ne gwargwadon kyan tambaya. Ganye yana yin rawaya saboda ƙarancin taki, ko yawan ruwa, ko ciwon da farin ƙuda ke kawowa, ko tsutsar saiwa. Mai duba hoto ɗaya daga nesa yana iya ruɗewa. Don haka a ɗauki hoto da safe, ba cikin tsakar rana ba. A ɗauki saman ganyen da ƙarƙashinsa, a ɗauki shukar gaba ɗaya, a kuma ɗauki komin daga nesa. In shuka ta yi yaushi, a tuge guda a wanke saiwar a ɗauke ta. Sa'an nan a faɗa da baki wane iri ne, kwana nawa da dashe, kwana nawa ake ban-ruwa, wane taki aka sa, wane magani aka riga aka fesa. Sunan maganin a karanto shi daga jikin kwalba harafi-harafi, ko a ɗauki hoton kwalbar a haɗa.